Diyyar Rauni da Yafiyar Dole: Halin da Leburorin Ƙasar Safo Ke Ciki

Ƙasar Safo, wadda ke cikin gundumar Madarunfa a jihar Maradi, Allah ya ajiye ta kusa da birni, har ya zamana da zarar an kai amfanin gona rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai samarinta da magidantanta su dinga yin sammako zuwa Maradi, wasu bisa babur, wasu a bayan mota, su wuni suna cuɗa siminti, ko dakon buhuna a bakin sito, ko jan ƙarfe a wurin masu walda, sa'an nan su komo gida da almuru da ɗan abin da ya samu. Wannan kusanci ni'ima ce babba, domin ya hutar da mutane da yawa daga doguwar tafiyar cin rani. Amma kuma yana tafe da wata musiba da ba a cika ambatonta a majalisa ba, wato halin da mutum ke shiga ranar da tsani ya karye da shi, ko injin niƙa ya kama masa yatsu, ko bango ya rufto masa, ya wayi gari ga rauni a jiki, ga iyali a wuya, ga kuma ubangidan da jiya yake kiransa ɗansa, yau yana yi masa kallon abokin husuma.

Wanda ya san sha'anin kasuwancin Maradi ya san cewa ba a kan takarda aka gina shi ba, a kan amana aka gina shi. Wani masanin Faransa, Emmanuel Grégoire, ya wallafa littafi a 1986 a kan Alhazan wannan birni, inda ya bayyana yadda dangantakar ubangida da baransa ta zama ginshiƙin dukiyarsu, da yadda ake auna attajiri da yawan mutanen da ke ƙarƙashinsa kamar yadda ake auna shi da yawan kuɗinsa. A cikin wannan tsari akwai alheri mai yawa wanda babu mai inkarinsa sai butulu: ubangida kan yi wa yaronsa aure, ya saya masa ragon suna, ya ba shi jari in ya ga ya kawo ƙarfi. Aibinsa guda ne, shi ne cewa duk abin da ke cikinsa kyauta ce, ita kuwa kyauta mai ita ke da ikon bayarwa da hanawa, saboda haka ranar da bara ya buɗe baki ya ce yana bin wani abu a matsayin haƙƙi, ya fita daga da'irar ladabi a idon jama'a, ko da kuwa hannunsa na naɗe da bandeji.

Yadda ake rufe baki

Hausawa suka ce tsoro na daji, kunya na gida, kuma da waɗannan biyun ake ɗaure wanda ya ji rauni, amma da kunya ake farawa. Da farko ubangida zai kai shi asibiti a motarsa, ya biya kuɗin ɗinki da na magani, sa'an nan tun kafin su isa gaban likita ya ja shi gefe ya ce, "Ka ga, yaro, in an tambaye ka, ka ce a gida ka faɗi, kada a jawo mana dogon zance da mutanen gwamnati." Shi kuwa yaro, da yake zafin ciwo ya rufe masa ido, ga kuma nauyin wanda ya ɗauko shi, abin da zai ce bai wuce, "To, Alhaji, yadda ka ce." Da wannan kalma guda ya sarayar da hujjarsa mafi ƙarfi, domin abin da likita ya rubuta a ranar farko shi ne tushen duk wata da'awa da za ta biyo baya.

Bayan kwanaki sai a aiko masa da ɗan abin cefane, a haɗa da nasiha cewa abin da ya faru ƙaddara ce, kuma mumini ba ya jayayya da hukuncin Ubangijinsa. In ya yi shiru, shi ke nan, maganar ta mutu. In kuwa wani ɗan boko cikin danginsa ya tunasar da shi cewa akwai doka, sai salon ya sauya: a aika wa mahaifinsa ko kawunsa cewa ɗansu na neman tozarta mutumin da ya rufa masa asiri, a tuno masa da bashin da ya ci a watan azumi, a gaya masa cewa ƙanensa da ke aiki a wurin shi ma zai bi sahunsa, a sanar da shi cewa masu ɗaukar aiki a garin duk sun san juna, kuma wanda aka yi wa shaidar kai ƙara ba zai sake samun mai ba shi ko dakon bulo ba. Abokan aikinsa da suka ga abin da idonsu, kowa sai ya ce shi a lokacin ya juya baya, ba don mugunta ba, sai don kowannensu na da bakunan da yake ciyarwa. Daga ƙarshe a tara dattawa a zaure, a miƙa masa ƴan jikkuna, a ce ya furta cewa ya yafe duniya da lahira, a shafa fatiha, a watse.

Abin da doka ta tanada

Abin mamaki a nan shi ne, yawancin waɗanda ake yi wa wannan, har da wasu daga cikin masu yin sa, ba su san cewa diyyar hatsarin aiki a Nijar ba daga aljihun ubangida ake fitar da ita ba. Asalin wannan hikima daga Turai ta taso, sa'ad da masana'antu suka yawaita, injuna suka dinga cin hannuwan mutane, kotuna kuma suka dinga korar ƙararsu saboda sun kasa tabbatar da laifin mai masana'anta. Jamus ta kafa inshorar hatsarin aiki a 1884 zamanin Bismarck, Faransa kuma ta yi dokarta ranar 9 ga Afrilu 1898, bisa ƙa'idar cewa wanda ke cin ribar aiki shi ya kamata ya ɗauki nauyin hatsarinsa, ko da laifinsa ko babu. Wannan rahama ba ta iso ƙasashen da Faransa ta mallaka da wuri ba, domin kakanninmu sun yi aikin tilas na gina hanyoyi da bariki har zuwa 1946, lokacin da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta soke shi. Sai a watan Disamba 1952 aka sami kundin dokar aiki na ƙasashen ƙetare, a 1957 kuma aka fitar da hukuncin da ya shafi hatsarin aiki da cututtukan sana'a.

Bayan samun mulkin kai, Nijar ta kafa Asusun Kula da Jin Daɗin Ma'aikata na Ƙasa, wato CNSS, a 1965, a cikin watan Agusta na wannan shekara kuma aka fitar da ƙa'idojin biyan diyyar hatsarin aiki. Kundin dokar aiki da ake amfani da shi yanzu kuwa shi ne na 25 ga Satumba 2012. Ma'aikaci a idon wannan doka shi ne duk wanda ke yi wa wani aiki a ƙarƙashin umarninsa don a biya shi lada, ko an rubuta yarjejeniya ko da baki aka ƙulla, kuma kariyar hatsari ta haɗa har da masu koyon sana'a. Ba a shardanta cewa sai mutum ya daɗe a wurin ba. Wanda ya ji rauni a ranarsa ta farko yana da haƙƙi daidai da wanda ya shekara ashirin. Haka nan hatsarin da ya sami mutum a kan hanyarsa ta zuwa aiki ko ta komawa gida ana lissafa shi cikin hatsarin aiki, wannan kuwa babban al'amari ne ga mutumin Safo, wanda kullum yana bisa hanya tsakanin garinsu da birni.

Wajibin ubangida ne ya sanar da hukuma cikin awa 48 da aukuwar hatsarin. Daga nan Asusu ke ɗaukar kuɗin magani, kuma ya riƙa biyan majinyaci rabin ladansa na yini har kwana 28, daga rana ta 29 kuma kashi biyu cikin uku, har ya warke ko likita ya tabbatar raunin ya tsaya inda zai tsaya. In ya bar nakasa ta dindindin, likita ne ke ƙiyasta yawan ƙarfin da mutum ya rasa, sai a raba abin da bai wuce kashi 50 ba gida biyu, abin da ya haura kuma a ƙara masa rabinsa. Wanda aka ƙiyasta ya rasa kashi 20 cikin ɗari zai riƙa karɓar kashi 10 na albashinsa na shekara, wanda ya rasa kashi 60 kuwa zai karɓi kashi 40, muddin ransa. In abin ya zo da ƙarar kwana, matar mamaci na da kashi 30, wanda ake rabawa tsakanin matan in sun fi ɗaya, marayu da iyayen da yake ciyarwa su ma da nasu rabon, matuƙar jimlar ba ta wuce kashi 85 ba.

To, in haka ne, me ke sa ubangida ya tsorata har ya tsoratar? Dalili shi ne, sanar da hatsari tona asiri ne ga wanda bai taɓa rubuta ma'aikatansa a Asusu ba, domin ranar da takarda ta isa, za a tambaye shi tun yaushe wannan mutum ke yi masa aiki, da su wa yake aiki, sa'an nan a bi shi bashin kuɗin da bai zuba ba, a ɗora masa tara. Kuɗin da aka aza wa ubangida don hatsarin aiki kashi 1.75 ne cikin ɗari na albashi, wato ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi, wanda aka ɗaga daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024, bai wuce sefa 735 a wata ba; in an haɗa da na fansho da na tallafin iyali ya kai wajen jika bakwai. Gaskiya ne wannan nauyi ne ga mai ƙaramin gareji, amma rashin zuba shi laifin ubangida ne, ba na yaronsa ba, kuma babu adalci a ce wanda ya rasa yatsunsa shi ne kuma zai biya kuɗin sakacin wani da shirunsa.

Game da barazanar kora kuwa, doka ta ce yarjejeniyar aiki dakatawa take yi a lokacin jinyar hatsari, ba warwarewa ba. Nijar kuma tana cikin ƙasashe ƙalilan da suka amince da yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, tun 1985, wadda ta bayyana cewa kai ƙarar ubangida, ko rashin zuwa aiki na ɗan lokaci saboda ciwo ko rauni, ba hujja ba ce ta sallamar ma'aikaci. Sufeton ƙwadago na jiha yana da ikon kiran ɓangarorin biyu ya yi sulhu, in sulhu ya faskara a wuce kotun ma'aikata, inda ba a biyan kuɗin shigar da ƙara. Ko a tsallaken iyaka, inda ƴan ƙasar nan da yawa ke zuwa nema a Jibiya da Katsina da Kano, dokar diyyar ma'aikata ta Nijeriya ta 2010 ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin ɗari ga asusun NSITF, ta kuma hana ma'aikaci ya ƙulla da ubangidansa cewa ya sarayar da diyyarsa.

Inda hannun doka bai kai ba

Duk da haka, wajibi ne a faɗi cewa mafi yawan masu cin abinci da ƙarfinsu a wannan yanki suna can wajen inuwar waɗannan takardu, kuma babu abin da ya nuna haka a fili kamar abin da ya auku a ƙasar Ɗan Isa. A 2021 aka gano zinariya a can, dubban mutane suka kwararo daga ƙauyukan gundumar Madarunfa da sauran sassan Nijar da Nijeriya, suka dinga haƙa ramuka kusa da juna babu tokari, babu mai duba ƙarfin ƙasa, har ranar Lahadi 7 ga Nuwamba ramukan suka rufta a wajen Garin Liman, aƙalla mutum 18 suka riga mu gidan gaskiya, wasu suka jikkata, hukuma ta ba da umarnin rufe wurin. A irin wannan aiki, mai rami kan ciyar da masu haƙa bisa sharaɗin a raba abin da aka samu, saboda haka in musiba ta auku sai ya ce su abokan tarayya ne, ba ma'aikatansa ba; haka ma mai mota kan ce game da karen motarsa, da mai injin ban ruwa game da yaron da ke kwana a fadama. Amma mizanin da doka ta kafa a bayyane yake, wato a duba wane ne ke ba da umarni, wane ne ke da kayan aiki, wane ne ke da ikon cewa gobe kada ka zo. Yanzu kuma da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maradi, wadda aka aza harsashinta a watan Fabrairu 2021, da sauran manyan ayyuka da ƴan kwangila ke rarraba wa ƙananan ƴan kwangila, ya kamata kowane lebura ya san sunan wanda ya ɗauke shi tun kafin ya ɗauki shebur.

Abin da malamai suka karantar

Tun da yake da sunan addini ake yawan rufe bakin mai rauni, ya dace a koma ga littattafan da ake karantawa a zaurukanmu a ga ko sun goyi bayan haka. Duk almajirin da ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta babin jini da haddi, ya ga yadda shari'a ta ƙayyade diyyar rai da raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, ta sanya rabin haka ga hannu guda ko ido guda, raƙuma 10 ga kowane yatsa, 5 ga haƙori. Waɗannan hukunce-hukunce an yi su ne har ga abin da ya auku bisa kuskure, wanda kowa ya yarda ƙaddara ce. Ashe ke nan imani da ƙaddara bai taɓa kore biyan haƙƙi ba, da ya kore, da malamai ba su ɓata tawada a kan babin ba. Sa'an nan shari'a ba ta bar mai kuskure shi kaɗai da nauyin ba, sai ta aza wa aƙilarsa, wato danginsa na wajen uba, su yi karo-karo su biya cikin shekara uku, kuma an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya mayar da wannan nauyi kan waɗanda sunansu ke cikin diwani guda, wato rajista ɗaya. Mai hankali zai ga cewa asusun da masu ɗaukar aiki ke zuba wa kuɗi kaɗan-kaɗan, don ya biya wanda tsautsayi ya faɗa wa, bai yi nisa da wannan manufa ba.

Wani malami zai iya kawo hanzari da hadisin da ke cikin Muwaɗɗa, wanda ya nuna babu lamuni a kan mai rijiya ko mai ma'adini in sun rufta da wanda ya ɗauka aiki. Hadisin ingantacce ne, amma fuƙaha'u sun fassara shi da inda mai wurin bai yi ta'addi ko sakaci ba. Wanda ya ga bango ya tsage ya ce a ci gaba, ko ya cire murfin inji don aiki ya yi sauri, ba ya cikin wannan rangwame. Bayan haka kuma, wanda ya buɗe wurin aiki a ƙasar da dokarta ta shardanta masa rubuta ma'aikata, ya shiga alkawari, cika alkawari kuwa wajibi ne.

Amma hujja mafi nauyi ita ce ta tilasci. An yi wa Imamu Malik bulala a Madina zamanin Halifa Mansur, har kafaɗarsa ta goce, saboda ya tsaya a kan fatawar cewa saki ko rantsuwar wanda aka tilasta ba su ɗaure shi. Mu da muke bin mazhabarsa, yaya za mu tara dattawa a kan mutumin da aka tsoratar da yunwar ƴaƴansa, mu karɓi kalmar yafiya daga bakinsa, sa'an nan mu ɗauka an wanke ubangida a gaban Allah? Yafiya ibada ce mai girman lada, amma sharaɗinta mai yin ta ya san abin da yake bi, ya kuma sami ikon karɓa in ya so, sa'an nan ya bari don Allah. Kuma ko da ya yafe nasa, ba shi da ikon yafe rabon marayu, waliyyinsu ma shari'a ba ta ba shi wannan iko ba.

Abin da ya kamata a yi

Wanda tsautsayi ya same shi, farkon abin da zai kiyaye shi ne harshensa a gaban likita: ya faɗi inda abin ya faru da yadda ya faru, ya nemi takardar shaidar rauni, ya adana ta tare da takardun magani. Ya riƙe sunayen waɗanda ke wurin, in da hali wani ya ɗauki hoton wurin da waya tun ba a gyara ba. Kada ya dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta masa ba, kuma in ya karɓi taimako daga ubangida, ya karɓa da godiya a gaban shaidu, ya bayyana cewa taimako ne, ba sulhu ba. In kwana biyu suka wuce bai ga alamar an sanar ba, shi ko ɗan'uwansa su tafi ofishin sufeton ƙwadago da na Asusu a Maradi da ƙafarsu, ba tare da jinkiri ba, domin shaida kan yi rauni in kwanaki suka tura. In akwai wakilin ma'aikata ko ƙungiyar ƙwadago a wurin, a tafi tare da su, saboda mutum ɗaya ake iya tsoratarwa cikin sauƙi.

Sauran nauyin kuwa yana kan shugabannin jama'a. Masu gari da limamai su ne ake kira zaman sulhu, saboda haka su ne ke da ikon ƙin shafa fatiha har sai an karanta wa mai rauni abin da doka ta ba shi, an kuma tabbatar babu wanda ya yi masa barazana. Hukumomin gari da gidajen rediyo na iya bayyana waɗannan ƙa'idoji da Hausa, tun da da Faransanci aka rubuta su, mafi yawan waɗanda aka yi dominsu kuwa ba su jin sa. Attajiranmu kuma, waɗanda Allah ya hore wa gina masallatai da kai mutane Makka, su tuna cewa hadisi ya lissafa wanda ya ci gumin ɗan ƙodago cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Wanda ya rubuta yaransa a Asusu tun suna da lafiya, ya kuma sanar da hatsari ranar da ya auku, ya sauke farilla, kuma sauke farilla shi ke gaba da kowace nafila.